Yadda Ake Raba Wa Kwamfutar Kwaikwayo Soket da Ƙwayoyin Furosesa

Mutum ya ɗora Windows 11 Pro a cikin kwamfutar kwaikwayo (wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar gaske) ta KVM, fasahar Linux ta yin wannan aiki, ya ba ta furosesa takwas, ya kunna. Yana buɗe Task Manager sai ya tarar biyu kacal take gani. Sauran shidan ba ɓata suka yi ba, kuma ba wani abu ne ya lalace ba. An dai gabatar mata da su ne a matsayin soket takwas, kowanne da ƙwaya ɗaya, ita kuwa Windows Pro ba ta amfani da fiye da soket biyu. Da an ce mata soket ɗaya ne mai ƙwaya takwas, da ta karɓe su duka ba musu. Adadin bai canja ba, siffar da aka ba shi ce ta jawo asarar.

Wannan shi ne abin da za mu bi daki-daki: nawa za ka ba baƙo, da wace siffa, da yadda za ka tabbatar abin da ka bayar ya isa hannunsa. Baƙo a nan shi ne kwamfutar kwaikwayo, mai masauki kuma shi ne injin gaske da take zaune a kai.

Kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa

Soket shi ne gurbin da ake dasa furosesa a jikin babban allon kwamfuta. Kwamfutar tebur da ta cinya soket ɗaya gare su. Manyan sabobi ne ke da biyu, wasu huɗu. Ƙwaya ita ce ma'aikaciyar gaske da ke cikin furosesar, wadda ke gudanar da lissafi da kanta. Zare kuwa dabara ce ta sa ƙwaya ɗaya ta riƙe ayyuka biyu a lokaci guda, ta yadda idan ɗaya ya tsaya jiran bayani daga RAM, ɗayan ya ci gaba. Intel ta fito da nata a 2002 da sunan Hyper-Threading, AMD kuma ta shigo da nata a furosesocin Zen a 2017. Abin da ya kamata ka riƙe: zare biyu ba ƙwaya biyu ba ne. Kayan aikin ƙwaya ɗaya suke rabawa, don haka ƙarin da ake samu bai kai ninki ba, kuma ya danganta da irin aikin.

Abin da ake ba baƙo ana kiransa vCPU, kuma lissafinsa sauƙi gare shi: yawan soket sau ƙwayoyin kowane soket sau zaren kowace ƙwaya. Soket 1, ƙwaya 4, zare 2, vCPU 8 ke nan. Soket 2, ƙwaya 4, zare 1, shi ma 8.

A wajen mai masauki, vCPU ba wani yanki ne da aka yanke aka ajiye wa baƙo ba. A KVM, kowane vCPU aiki ne kawai a cikin jerin ayyukan da Linux ke raba wa lokaci, yana bin layi kamar kowa. Soket da ƙwayar da baƙo ke gani labari ne aka ba shi. Amma baƙon yana gaskata labarin, yana tsara aikinsa a kansa. Shi ya sa duk hikimar wannan fanni ta taru a wuri ɗaya: kada ka ba baƙo labarin da ya yi nisa da gaskiyar injin da ke ƙarƙashinsa.

Mataki na farko: san gidan kafin ka sauki baƙo

Idan mai masaukinka Linux ne, har da Proxmox VE (manhajar sarrafa baƙi da aka gina a kan Linux da KVM), buɗe tagar umarni ka rubuta `lscpu`. Layuka huɗu ne suka dame ka: na soket, na ƙwayoyin kowane soket, na zaren kowace ƙwaya, da na shiyyoyin NUMA, waɗanda za mu yi bayaninsu a mataki na biyar. Rubuta su a takarda. Adadin da ke can sama, wanda ya fi kowanne girma, jimillar zare ne, ba ƙwayoyi ba. Da yawa a nan suke fara kuskure: su ga 16 su ɗauka ƙwaya 16 gare su, alhali takwas ne masu zare bibbiyu.

Sai `lscpu -e`, wanda zai jero maka kowane zare da lambar ƙwayar da ya fito. Duba shi da kyau, domin a injuna da yawa zare mai lamba 0 da mai lamba 1 ba 'yan ƙwaya ɗaya ba ne. A furosesa mai ƙwaya takwas, sau da yawa abokin 0 shi ne 8, abokin 1 shi ne 9, haka har ƙarshe. Za ka buƙaci wannan idan mun zo maganar turke, wato ɗaure vCPU a kan zare guda.

A Windows, Task Manager ya isa: shiga Performance, ka danna CPU, za ka ga soket, ƙwayoyi da jimillar zare.

Idan furosesarka Intel ce ta ƙarni na 12 zuwa sama, wadda aka fara fitarwa a 2021, akwai ƙarin abin lura. Yawancinsu ƙwayoyi iri biyu gare su, manya masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta, kuma ƙananan ba su da zare biyu. A irin wannan injin, ninka ƙwayoyi sau biyu ba zai ba ka adadin da ke kan allo ba, sai ka duba jerin nan na `lscpu -e`.

Kada ka manta ka tabbatar an kunna VT-x ko AMD-V, fasahar furosesar Intel ko AMD da ke tallafa wa kwamfutar kwaikwayo, a BIOS, wato saitin farko na injin. Umarnin `grep -E 'vmx|svm' /proc/cpuinfo` idan ya dawo fayau babu komai, to can za ka fara komawa.

Mataki na biyu: nawa za ka bayar?

Nan ne nake son mu ɗan daɗe, domin yawancin baƙin da ke jan ƙafa ba ƙarancin furosesa ke damunsu ba, yawanta ne.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan fagen maganar ba ta cika zama daidai ba. Ga dalili. Babbar manhajar da ke cikin baƙo an gina ta ne bisa zaton cewa duk furosesocinta suna aiki tare a kowane lokaci. Idan ɗaya ya riƙe makullin wani bayani, sauran sukan tsaya suna kewaya wuri ɗaya suna jira, saboda a injin gaske jiran ba ya wuce ƙiftawar ido. To a kwamfutar kwaikwayo, mai masauki yana iya dakatar da vCPU ɗin da ke riƙe da makullin don ya ba wani baƙo dama. Sauran kuma su yi ta ƙona lokaci suna jiran wanda ba ya ma aiki. Iya yawan vCPU da baƙo ke da shi a kan injin da ya cunkushe, iya yawan faruwar wannan. ESXi, manhajar saukar baƙi ta kamfanin VMware, ma har riƙe wasu vCPU take yi da gangan idan suka yi wa 'yan uwansu nisa, don kada tazarar ta yi yawa.

Saboda haka fara da kaɗan. Ƙaramar sabar Linux da ke ɗauke da shafin intanet ko DNS (mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi), vCPU ɗaya ko biyu sun ishe ta. Windows 11 ba za ta ma yarda a ɗora ta a ƙasa da ƙwaya biyu ba, kuma ni huɗu nake ba ta idan mutum zai zauna ya yi aiki a kai. Rumbun bayanai ko injin harhaɗa manhaja, fara da huɗu ka auna. Ƙari abu ne na minti biyu. Ragewa ce ke da wuya, ba don fasaha ba, sai don wanda aka ba takwas ba ya son a ce masa an mayar da shi huɗu, ko da aikinsa zai fi sauri.

Akwai iyakoki biyu daban da ya kamata ka rarrabe. Na farko ya shafi baƙo ɗaya: kada vCPU ɗinsa su wuce ƙwayoyin gaske na mai masauki. Takardun VirtualBox, wata manhajar saukar baƙi, ma haka suka ce, kuma sun fayyace cewa ƙwayoyi ake nufi, ban da zare. Proxmox kuwa ƙin tayar da baƙo take yi idan ka ba shi fiye da jimillar abin da injin ke da shi. Kuma ka bar wa mai masaukin wani abu, domin shi ke ɗawainiyar faifai da hanyar sadarwa a madadin baƙin. Idan ka ba da komai, aikin da baƙon ke jira daga gare shi ma sai ya rasa inda zai gudana.

Na biyu ya shafi jimillar baƙi. Nan babu laifi a wuce adadin ƙwayoyi, ai amfanin fasahar ke nan, tunda ba duka ke aiki a lokaci guda ba. Baƙi goma masu vCPU bibbiyu a kan ƙwaya takwas za su zauna lafiya muddin yawancinsu zaman jira suke. Ga ayyuka marasa nauyi ina iya kai vCPU uku ko huɗu a kan kowace ƙwaya. Ga rumbun bayanai mai aiki ba dare ba rana, ko manhajar kiran murya da ba ta jure jinkiri, ɗaya bisa ɗaya nake tsayawa. Wannan ra'ayina ne, ba doka ba. Awo ne zai yanke hukunci, kuma za mu zo kansa.

Mataki na uku: siffa

Ga amsar a gajarce: soket ɗaya, sauran duka ƙwayoyi. Wannan ya dace da mafi yawan baƙin da za ka taɓa ƙirƙira. Abu biyu ne kawai za su sa ka sake tunani, lasisi da NUMA, kuma shi lasisin ma galibi soket ɗayan yake goyon baya.

Windows Home soket ɗaya take amfani da shi, Pro biyu, Pro for Workstations huɗu. Manhajoji ma suna da nasu ƙa'idar. SQL Server Express, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, tana tsayawa a soket ɗaya ko ƙwaya huɗu, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ka ba ta soket huɗu masu ƙwaya ɗaiɗai, da ƙwaya ɗaya tak za ta yi aiki. SQL Server 2019 Standard kuma iyakarta soket huɗu ko ƙwaya 24. Wanda ya ba ta vCPU takwas a siffar soket takwas, huɗu kawai za ta taɓa, ko da ya biya lasisin takwas ɗin. Babu wani gargaɗi da zai faɗo masa a fuska, sai in ya je ya karanta kundin da take rubutawa lokacin tashi.

Ban da lasisi, siffar tana shafar yadda baƙo ke rarraba aiki. Ƙwayoyin soket ɗaya suna tarayya a ma'ajiyar kusa ta furosesa, wadda ake kira L3. Idan baƙo ya ɗauka vCPU biyu suna soket daban-daban, zai ɗauka ba su da wannan tarayya, sai ya riƙa ɗari-ɗari da matsar da aiki tsakaninsu, alhali a gaskiya maƙwabtan juna ne.

Maganar zare fa? Ka bar shi a ɗaya, sai fa idan za ka kafa turke. Idan ka ce wa baƙo vCPU 0 da 1 zaren ƙwaya ɗaya ne, zai guji ɗora manyan ayyuka biyu a kansu tare. Wannan dabara ce mai kyau idan da gaske ƙwaya ɗaya suke. Idan kuwa mai masauki yana yawo da su duk inda ya ga sarari, ka sa baƙon yana kaffa-kaffa da abin da babu shi.

Mataki na huɗu: shigar da saitin

Kashe baƙon tukuna, kashewa ta gaske. Sake kunnawa daga cikinsa ba ya ɗauko sabon saiti a KVM da Proxmox, domin aikin QEMU, manhajar da ke gudanar da baƙon a kan mai masauki, bai mutu ba.

A Proxmox VE, zaɓi baƙon, shiga Hardware, sannan Processors. Sa 1 a Sockets, sa adadin da kake so a Cores. Da umarni kuwa, ga baƙo mai lamba 100:

`qm set 100 --sockets 1 --cores 4`

Proxmox ba ta da gurbin zare a wannan tagar, kowane vCPU a matsayin cikakkiyar ƙwaya yake bayyana ga baƙo. Akwai wani gurbi mai suna vCPUs a sashen Advanced da ke ruɗa mutane. Shi na ƙari ne yayin da baƙo ke kunne: ka sa ƙwaya takwas a matsayin rufi, ka tashe shi da huɗu, ka ƙara daga baya. Idan ba ka da wannan buƙata, kada ka taɓa shi.

A virt-manager da libvirt, kayan sarrafa baƙin KVM, ne tarkon da muka fara da shi yake. Idan ka rubuta adadi kawai ba ka faɗi siffa ba, libvirt takan mayar da kowane vCPU soket mai zaman kansa. Shiga sashen CPUs, buɗe Topology, ka yi alama a gurbin saita siffa da hannu, sannan ka cike. Ko ka yi `virsh edit` da sunan baƙon, ka tabbatar akwai wannan layi a cikin sashen cpu:

`<topology sockets='1' cores='4' threads='1'/>`

Dole ne abin da ya fito idan an ninka ya yi daidai da adadin da ke layin vcpu, in ba haka ba za ta ƙi karɓa. Bayan ka saita siffa a virt-manager, sake duba adadin da ke sama, domin wani lokaci yakan tsaya a tsohon.

Mai amfani da QEMU kai tsaye zai rubuta `-smp 4,sockets=1,cores=4,threads=1`. Kafin fitowar QEMU 6.2 a ƙarshen 2021, idan ka ba da adadi kawai soket take fifitawa. Daga nan ne aka juya zuwa ƙwayoyi. Ni dai ba na dogara da wannan, rubuta komai nake yi dalla-dalla.

A VMware Workstation gurbi biyu ne: Number of processors shi ne soket, na ƙasansa shi ne ƙwayoyin kowanne. Na saman ka bar shi a 1. A ESXi kuwa jimilla kake fara sawa, sannan Cores per Socket, ita kuma ta raba ta nuna maka soket nawa suka fito. Wato jimilla 8 da Cores per Socket 1 soket takwas ke nan. Daga vSphere 8 (vSphere shi ne kunshin VMware da ESXi ke ciki), ga sababbin baƙi, akwai zaɓin barin ESXi ta tsara siffar da kanta lokacin kunnawa, kuma idan ba ka da wani dalili na lasisi, barin ta ya fi.

VirtualBox ta hutar da kai: adadi kawai take tambaya, ta nuna wa baƙo soket ɗaya. Yana System, sannan Processor, ko, ga baƙo mai suna gwaji, `VBoxManage modifyvm gwaji --cpus 4`. Sai dai ka tabbatar I/O APIC a kunne yake, don ba a samun fiye da furosesa ɗaya ba tare da shi ba. Hyper-V ta Microsoft ma adadi take karɓa, `Set-VMProcessor -VMName gwaji -Count 4`, ita ke tsara siffar bisa injin da take kai.

Tunda kana wurin, duba nau'in furosesar da ake nuna wa baƙo. A Proxmox da KVM, zaɓin host yana miƙa masa duk fasahohin furosesar gaske, kuma shi ya fi sauri. Illarsa ita ce ƙaura da baƙo yana kunne zuwa wata saba mai furosesa daban tana iya faɗuwa. Saba ɗaya gare ka, ko duk iri ɗaya ne? Zaɓi host. Gungu ne mai injuna mabambanta? Zaɓi nau'in da mafi tsufansu zai iya ɗauka. Proxmox VE 8 da ta fito a 2023 ta mayar da x86-64-v2-AES zaɓin farko a maimakon tsohon kvm64, kuma da dalili: Red Hat Enterprise Linux 9 da danginta ba sa tashi a ƙasa da matakin x86-64-v2.

Mataki na biyar: NUMA, ga masu manyan injuna

Idan `lscpu` ta nuna maka shiyyar NUMA ɗaya, tsallake wannan sashe.

A saba mai soket biyu, kowace furosesa tana da RAM ɗin da ke jone da ita kai tsaye. Tana iya karanta na ɗayar, amma sai ta bi ta hanyar da ta haɗa su, kuma wannan ya fi jinkiri. Furosesa da RAM ɗinta na kusa su ne shiyya ɗaya. Kada ka ɗauka kullum shiyya daidai take da soket. AMD EPYC na farko, na 2017, shiyya huɗu ne a cikin soket ɗaya. Waɗanda suka biyo baya suna da saitin NPS a BIOS da ke raba soket gida ɗaya, biyu ko huɗu, Intel ma tana da irinsa a Xeon. Umarnin `numactl --hardware` zai nuna maka shiyyoyin, da zaren kowacce, da RAM ɗinta.

Mu ɗauki misali: soket biyu, kowanne ƙwaya 16 da RAM gigabait 128. Baƙo mai vCPU 12 da gigabait 64 zai shige shiyya ɗaya ba tare da ya taɓa ɗayar ba. Ba shi soket ɗaya, ka bar shi a nan. Wannan shi ne mafi alheri, kuma ya cancanci a ɗan matse don a same shi: baƙo mai vCPU 16 da ya zauna a shiyya ɗaya yana iya fin mai 18 da ya tsallaka.

Idan kuwa yana buƙatar vCPU 24, ko RAM gigabait 192, babu makawa sai ya tsallaka. Lura cewa RAM kaɗai ma yana iya jawo haka, ko da vCPU kaɗan ne. A nan ne soket biyu ke da ma'ana: soket 2, ƙwaya 12 kowanne, sannan ka kunna NUMA don baƙon ya san akwai kusa akwai nesa, ya ajiye kowane aiki kusa da bayanansa. A Proxmox:

`qm set 100 --sockets 2 --cores 12 --numa 1`

A libvirt za ka ƙara sashen numa a cikin cpu, ka raba vCPU da RAM gida biyu, sannan ka yi amfani da numatune ka ɗaure kowane gida da shiyyar gaske. Raba wa baƙo shiyyoyi ba tare da wannan ɗaurin ba rabin aiki ne, domin zai yi ta ƙoƙarin ajiye abu kusa, alhali kusan nasa ba kusa ba ne. Kuma ka raba daidai wa daida. Adadin da ba ya rabuwa biyu, irin 13 ko 21, wahala kawai yake jawowa.

ESXi tana nuna wa baƙo NUMA da kanta idan vCPU ɗinsa sun wuce takwas. Tun daga vSphere 6.5 aka raba wannan da saitin Cores per Socket, amma har yanzu yana da kyau su dace da juna. Tarkon da ke nan shi ne CPU Hot Add: a sigogin da suka gabaci vSphere 8, kunna shi yana kashe NUMA ɗin baƙo. Mutum ya kunna don ko-ta-kwana, ya jawo wa babban rumbun bayanai jinkiri na dindindin. A Hyper-V ma haka Dynamic Memory ke yi, ba ya haɗuwa da NUMA ɗin baƙo.

Turke

Kafa turke shi ne ɗaure kowane vCPU a kan takamaiman zaren gaske, kada mai masauki ya matsar da shi. Yana da amfani ga baƙon wasannin kwamfuta da aka miƙa wa katin hoto, da aikin sauti, da duk abin da ɗan tsaiko ke ɓata shi. Ga sauran baƙi ban cika ba da shawararsa ba. Wanda aka ɗaure ba ya iya komawa inda babu kowa idan wurinsa ya cika, kuma turke kaɗai ba ya hana wasu ayyukan zuwa su zauna a ƙwayar da ka ɗaure shi, sai ka kore su da wani saitin daban.

Idan za ka yi, koma ga takardar da ka rubuta. A ce ƙwaya takwas ne, abokin 4 shi ne 12, abokin 5 shi ne 13. Kana son ba baƙo ƙwaya huɗu da zarensu, vCPU takwas ke nan, siffa soket 1, ƙwaya 4, zare 2. A cikin baƙo, vCPU 0 da 1 su ne 'yan ƙwaya ɗaya, don haka:

`virsh vcpupin gwaji 0 4 --config`
`virsh vcpupin gwaji 1 12 --config`
`virsh vcpupin gwaji 2 5 --config`
`virsh vcpupin gwaji 3 13 --config`

Haka za ka ci gaba da 6 da 14, sannan 7 da 15. Sai ka tura ayyukan QEMU na bayan fage zuwa ƙwayoyin da ka bar wa mai masauki da `virsh emulatorpin`. A furosesar AMD ka ƙara fasalin topoext a sashen cpu, in ba haka ba baƙon ba zai gane zaren yadda ya kamata ba. Kuma a Ryzen da EPYC, ƙwayoyi rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da L3 ɗinsa. Ginshiƙin ma'ajiya a `lscpu -e` zai nuna maka, ka yi ƙoƙari ka zaɓo daga rukuni ɗaya. Proxmox tana da abu mai sauƙi, `--affinity 4-7,12-15`, wanda ke killace baƙon gaba ɗaya a waɗannan zare, ko da yake ba ɗaya bayan ɗaya yake ɗaure su ba.

Mataki na shida: tabbatarwa da awo

Kunna baƙon, ka shiga ciki. A Linux `lscpu` kuma, a Windows Task Manager. Soket da adadin da ka gani su yi daidai da abin da ka saita. Idan Windows ta nuna ƙasa da haka kuma soket ɗaya ne, buɗe `msconfig`, shiga Boot, sannan Advanced options, ka duba ko wani ya taɓa yin alama a gurbin Number of processors. Cire alamar. A Linux, duba `/proc/cmdline` ko akwai `maxcpus` ko `nr_cpus`.

Sai awo, kuma a lokacin da aiki ya fi yawa, ba da tsakar dare ba. Tambayoyi biyu ne. Baƙon yana cinye abin da aka ba shi? Kuma yana samun abin da aka yi masa alkawari?

Ta farko, duba kowane vCPU daban, kada ka tsaya a jimilla. A `top` danna 1 za su bazu. Idan ɗaya ne ke cike sauran na hutawa, manhajar ce ba ta iya raba aikinta, ko ka ƙara ashirin ba abin da zai canja. Idan duka suna sama na tsawon lokaci, to ƙari ya halatta.

Ta biyu, a baƙon Linux duba adadin `st` a `top` ko `vmstat 1`. Shi ne lokacin da baƙo ya shirya aiki amma mai masauki bai ba shi furosesa ba. Sifili ko kusa da shi ake so. A ESXi `esxtop` za ka buɗe ka duba %RDY, lokacin da baƙo ya yi yana jiran furosesa, da %CSTP, lokacin da aka riƙe wasu vCPU don su jira 'yan uwansu. Shi %RDY jimillar duk vCPU ɗin baƙo ne, sai ka raba da yawansu, kuma abin da ya wuce kashi 5 ga kowanne ya isa a bincika. A jadawalin kai tsaye na vCenter, manhajar kula da sabobin ESXi, da milisakan ake nunawa a kan kowane sakan 20, don haka 1000 ga vCPU ɗaya shi ne kashi 5 ɗin.

Idan waɗannan alƙaluma sun hau, ƙara wa baƙon vCPU ƙara wa layin tsawo ne. Jero baƙin da ke kan injin, ka nemo masu vCPU da yawa da ba sa amfani da ko rabinsu, ka rage musu bibbiyu, ka sake aunawa bayan kwana ɗaya na cikakken aiki. Idan akwai wanda dole ya riƙa shiga gaba, ɗaga nauyinsa a maimakon adadinsa: `--cpuunits` a Proxmox, Shares a ESXi, Relative weight a Hyper-V. Waɗannan ba sa hana kowa komai idan akwai sarari, sai an fara cunkoso suke aiki. Idan ka rage, ka daidaita nauyi, kuma har yanzu `st` bai sauka ba, to ƙwayoyin injin ne suka gaza, sai a kwashe wasu baƙin zuwa wata saba.